Shafin tsoffin jaridun Birtaniya da na biya kuɗin wata: abin da na gani a kan ɓatan Richey Edwards da ƙwallon ranar

Jama'a ga masu tambaya ko waɗannan shafukan da ake biya a karanta tsoffin jaridun Birtaniya sun cancanci kuɗinsu, ni dai na biya na wata ɗaya na gwada. Ba zan ambaci sunan shafin ba don ba talla nake musu ba, kuma akwai ƙorafin da zan yi a kansu.

Abin da na gwada shi da shi labarin Richey Edwards ne, ɗan yankin Wales mai kaɗa jita da rubuta waƙoƙi a ƙungiyar mawaƙan rok ta Manic Street Preachers. Yaron nan ranar 1 ga Fabrairun 1995 ya fita daga otal ɗin Embassy a Landan da sassafe, ranar da ya kamata su hau jirgi zuwa Amurka shi da abokin waƙarsa James Dean Bradfield, tun daga nan har yau babu wanda ya tabbatar ya sake sa shi a ido. Shekararsa 27 kacal. Kafin ranar ya yi sati biyu yana cirar fam 200 kullum a banki, a ranar kuma ya tuƙa motarsa zuwa gidansa a Cardiff ya ajiye fasfo ɗinsa, daga baya aka tsinci motar, Vauxhall Cavalier, a wani wurin hutawar matafiya dab da gadar Severn da ke haɗa Ingila da Wales, batir ya mutu. Ba gawa, ba wasiƙa da ta bayyana inda ya nufa.

To abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba, shafin yana ba ka jaridar ne sukutum yadda aka buga ta, shafi bayan shafi har da tallace-tallace, ba labari ɗaya da wani ya tsinto maka ba. Na buɗe jaridun washegari, 2 ga wata, ina ta duba sunan Richey, wallahi ko layi ɗaya ban gani ba. Amma ka juya shafin baya ka ga ƙwallo ta cika ko'ina, Arsenal da AC Milan sun tashi 0-0 a Highbury a wasan farko na Super Cup, kuma a daren ne Paul Merson na Arsenal ya dawo fili bayan jinyar da ya yi ta shaye-shaye da caca, sannan Blackburn da ke saman tebur sun yi 1-1 da Leeds inda aka ba golan Blackburn ɗin Tim Flowers jan kati tun ba a cika minti biyu da take leda ba, ga kuma maganar Cantona na Manchester United da ba ta lafa ba don sati ɗaya ke nan da ya tashi sama ya kai wa wani ɗan kallo hauri a filin Crystal Palace. Duk wannan hayaniyar ana yi, a Blackwood kuma, garin su Richey, uwa da uba da ƙanwa suna zaune ba su san inda ɗansu yake ba. Sai tsakiyar watan, da 'yan sanda suka fito suka nemi taimakon jama'a, sannan na fara ganin hotonsa. Wannan tazarar ta kusan sati biyu ba za ka ji nauyinta ba idan taƙaitaccen tarihi kawai ka karanta a intanet, sai ka bi jaridun rana bayan rana kana juyawa babu shi, ni kam abin ya tsaya min a rai sosai.

Kuma da labarin ya fito ma yadda wasu jaridun suka rubuta shi bai min daɗi ba. An fi ɗoki a kan tsohon labarin nan na 1991 da ya yanki hannunsa da reza a gaban wani ɗan jaridar mujallar waƙa ta NME, fiye da cewa mutum ne mara lafiya da ya kwanta asibiti a 1994 saboda ciwon damuwa da shan giya da ƙin cin abinci. Mutum ne da ke da iyaye, ba abin kallo ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Wurin binciken suna yana ba da wahala, don hoton tsohuwar takarda na'ura ke karantawa, inda tawada ta dushe sai ta karanta ba daidai ba, kuma Edwards suna ne da ya cika Wales kamar Musa a wajenmu, sai ta kwaso maka ɗaruruwan mutane da ba ruwansu. Dabarar ita ce ka sa sunan ƙungiyar ka kuma taƙaita watan. Na biyu data, kai jama'a, shafi ɗaya sai ya daɗe yana lodi musamman a waya, in ka zuƙo rubutun kuma teburin sakamakon wasanni da ake bugawa da ƙananan haruffa wani lokacin ba ya karantuwa, gara kwamfuta nesa ba kusa ba. Katin bankina na naira ma ƙin shiga ya yi sai da wani ɗan'uwa da ke can ya biya min na tura masa. Sannan mujallun waƙa da suka fi bin labarin ban same su a ciki ba, wannan kam babban giɓi ne. A kula kuma, kuɗin wata yana sabunta kansa in ba ka kashe ba.

Masu son ƙwallo ku ne za ku fi more shi, don kakar 1994/95 ce Daniel Amokachi namu na Kaduna yake Everton har suka ɗauki kofin FA, rahotannin wasanninsa suna nan ka karanta yadda Turawan suke kallonsa a lokacin.

Shi kuwa Richey, an yi ta cewa an gan shi a Goa ta Indiya da tsibiran Canary amma ba a tabbatar da ko ɗaya ba, iyalinsa suka ƙi yarda a ayyana ya mutu har sai Nuwambar 2008, ƙanwarsa Rachel kuma ta yi shekaru tana aiki da ƙungiyar da ke taimaka wa iyalan waɗanda suka ɓata. Allah ya raba mu da ɓatan ɗan'uwa.

Shawarata, in kana da kwamfuta da intanet mai ƙarfi kuma ka riga ka rubuta ranakun da kake nema, biya wata ɗaya ya ishe ka, ka sauke shafukan ka kashe sabuntawar. In a waya kaɗai za ka duba, riƙe kuɗinka.