Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Jidda: ku kula da mai tallar eriyar "wakala"

Salam ƴan uwa mazauna Jidda da Makka. Dan Allah duk mai tsohuwar mota, musamman Marsandi bi-but ko Cressida ko Caprice, ya tsaya ya karanta wannan, saboda abin da ya same ni satin da ya wuce ba na fatan ya samu kowa, kuma wlh bayan na fara ba da labari mutum biyu sun ce min su ma irin hanyar da aka bi da su kenan.

Ina da Marsandi 230E ƙirar 1991, da ita nake zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka, kuma ni in ba tashar Alƙur'ani na kunna ba tafiyar ba ta min daɗi. Eriyar motar irin mai tashi da kanta ce in ka kunna rediyo, tana baya ta hagu, injinta na cikin but. Kwanaki ta daina tashi, sai dai ka ji injin na gurnani a ciki sanda ba ta motsi. Da na tambayi wanda ya sani tun a lokacin da ban yi asara ba, domin in injin na juyawa sanda ba ta tashi, yawanci igiyar roba mai haƙora da ke tura sandar ce ta tsinke, ita da sandar kaɗai ake canzawa, kuɗi kaɗan.

Sai na ga talla a wani gurup ɗinmu na WhatsApp. Wai yana da eriya Hirschmann ta Jamus, sabuwa dal a kwali, ragowar kayan wakala, wato na asali daga dilan kamfani, riyal 450. Na kira shi, Hausa tsantsa, "Alhaji ai kai ɗan uwa ne, ba zan cuce ka a ƙasa mai tsarki ba", har da tambayata wane gari nake a gida. Ya ce guda biyu suka rage kuma wani Bayamane na hanya, in tura arbun, wato kafin alƙalami, riyal 200 ya ajiye min. Na ce ina shagonka, ya ce shagon ya tafi a rusau yanzu daga gida yake harka. Nan ya kama ni gaskiya, don kowa ya san tun rusau ɗin unguwannin Jidda na 2021 zuwa 2022 da ya ci su Karantina da Sabil da Gulail mutanenmu sun watse, wanda ka san ƙofar gidansa shekara 20 yanzu sai lambar waya. Da wannan halin da muke ciki yake fakewa, abin da ya fi ƙona min rai kenan. Lambar asusun da ya turo ma ba sunansa ba ne, ya ce na kafilinsa ne, wato uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, na tura.

Bayan isha'i ya zo da wani yaro wai shi ne mai haɗa wayar, a bakin titi inda ba haske sosai. Kwalin a liƙe, yaron ya farke da sauri ya tura kai cikin but. Na ga fiyus ya ƙone sau biyu suna haɗawa, na yi magana, ya ce "ba komai Alhaji fiyus ɗin ne tsoho". Ya cire fari mai amfiya 8 ya sa shuɗi mai 25. Na kunna rediyo eriya ta tashi, na kashe ta sauka. Na cika 250, na ba yaro 100.

Da asuba na fito mota ko ƙyas, batir ya mutu murus. Na buɗe but warin ƙonanniyar roba ya buge ni, na taɓa wayar da ta shiga eriyar robar jikinta ta narke ta manne da kafet. Masu irin motar nan sun san tankin mai yana nan bayan kujerar baya, cikin but ɗin, kuma a ƙofar gida na ajiye ta, tagar ɗakin yara na kallonta. Na kira lambar a kashe, na duba gurup ya fita, ya goge tallar.

Na kai ta sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, wajen wani dattijo mai gyaran wayar mota, ya kwance eriyar ya buɗe a gabana. Tsohuwa ce ta tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, an wanke an fesa baƙin fenti, takardar sunan kamfanin ma bugun firinta ce aka manna, da farce ya ɓare ta. A ciki ɗan allon da ke yanke wuta in sanda ta kai ƙarshe ya ƙone tuntuni, sai suka tsallake shi suka ɗaura wani rile (ɗan makunni mai aiki da wuta) mai arha da baƙin tef. Shi ya sa a gabanka za ta tashi ta sauka lafiya lau, amma in ta gama sauka wuta ba ta yankewa, injin na ta turawa a tsaye yana zafi har batir ya ƙare ko waya ta kama. Fiyus mai 8 ɗin da ya yi ta ƙonewa aikinsa yake yi, shi ne suka kawar.

Ga abin da dattijon ya koya min, ku riƙe. Eriya mai tashi da kanta yawanci waya uku gare ta ban da kebul ɗin sigina mai shiga bayan rediyo. Ja ita ce wutar batir ta dindindin volt 12, dole ta bi ta fiyus. Baƙa ta bodi ce, wato mai haɗuwa da ƙarfen jikin mota, a motocin Jamus ruwan ƙasa ake yi mata. Ta ukun, galibi shuɗiya, ita ke zuwa daga rediyo ta ce mata tashi, ba ita ke jan injin ba. In rediyonka ba na asalin motar ba ne ka lura, shuɗiya zalla ta eriya ce, shuɗiya mai ratsin fari ta amfilifaya ce. Akwai kuma mai waya biyu kacal, wannan sai da makunni ko rile na waje mai juya wutar, irin yadda tsofaffin Toyota da yawa suke, ba a jona ta kai tsaye da rediyo.

Gwajin kuwa ko minti biyar bai kai ba, kuma tun kafin a sa a mota ake yi. Baƙa a kan negatif na batir, ja a kan fozitif, sai ka ɗora shuɗiya a fozitif ta tashi, ka cire ta sauka. In ta gama sauka ka sa kunne ka ɗora hannu a jikin injin, dole ya yi tsit. In yana ƙugi ko yana ɗumi ka mayar masa da kayansa. Ka duba kusoshin murfin ko an taɓa kwance su, ka shinshina fenti. Duk wanda ya ce a ƙara girman fiyus don ya daina ƙonewa, ka ce ya sauke hannunsa daga motarka nan take.

In tsohuwa kake so ka je tashlih da kanka da rana, a cire a gabanka a gwada, ka san tsohuwa ka saya da kuɗin tsohuwa. In sabuwa ce ta tijari, wato ta kasuwa wadda ba ta wakala ba, ka saya a shago ka karɓi fatura, wato rasit, don in an samu matsala da ita za ka kira 1900 na ma'aikatar kasuwanci ko ka shigar da ƙara a manhajarsu ta Balagh Tijari. Damfara ta waya kuma akwai manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn, ni na shigar da tawa da hoton tura kuɗin da hirarmu. Na san akwai ƴan uwa da matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ke hana su kai ƙara, kuma na tabbata su ya fi nema don ya san za su yi shiru, to ko ba za ka iya ba ka faɗa wa admin na gurup ɗinku. Admin ɗin namu ya ce mutumin ya taɓa shigowa da wata lambar yana tallar kwamfuresar AC da injin gilashin ƙofa, duk da zancen wakala da arbun ɗin nan, don haka masu neman waɗannan ma ku kula. Dan Allah a tura wa na Makka da Madina.