Tallafin wata-wata ko jari sau ɗaya?

Iyayen da suka yi ritaya, ɗansu ya girma bai tsaya da ƙafarsa ba, hanya biyu suke dubawa.

Ko su riƙa yaga masa wani abu daga fansho duk wata. Hankali yakan kwanta. Sai dai tsadar rayuwa takan tsere wa fansho, ga kuɗin magani, kuma abin da aka saba karɓa yakan koma hakki. Ran da aka rage, sai rai ya ɓaci.

Ko a ba shi jari sau ɗaya, da sharaɗin babu ƙari. Nan na fi karkata, muddin ba ajiyar jinya za a taɓa ba, don sana'a takan karye, ɗan shekara 70 kuwa ba zai koma aiki ya mayar ba.