Ƙamus ɗin da ya warware mini kalmar "run"

Sana'ata sayar da atamfa da leshi. A Kantin Kwari nake sarowa, amma yanzu yawancin ciniki ta WhatsApp yake zuwa, har daga Legas da Fatakwal, kuma Turancina bai wuce na sakandare ba. Kwanaki wata mata ta ga hoton wata atamfa mai ja da shuɗi, ta rubuto mini: "Does the colour run?" Ni dai gudu na sani a matsayin "run". Na saka jimlar a wata manhajar fassara, ta ce wai launi yana gudu. Kafin in sami mai yi mini bayani yamma ta yi, matar ta saya a wani wuri. Ashe tambayar da kowace mace ke yi a bakin shago ce ta yi mini: tana zuba?

Abin ya tsaya mini a rai. Ƙanena, wanda ke koyar da Turanci, ya ce in nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary. Na sayi bugu na 10, na shekarar 2020, yau wata huɗu ke nan yana kan teburina kusa da littafin lissafi.

Daren farko "run" na buɗe. Na zaci layi biyu zan gani, sai ga shi ta cika shafi ta tsallaka na gaba. Abin da ya hana ni ruɗewa shi ne kowace ma'ana an ba ta lamba da ɗan kanu, an kuma biyo ta da cikakkiyar jimla. Mai shago "runs a shop", wato shi ke tafiyar da shi. Inji in yana aiki, "running" yake. Yaro mai mura hancinsa "running", mai zazzaɓi kuma "running a temperature". Wadda ta fi burge ni ita ce ta siyasa: mu tsayawa takara muke yi, mutanen Amurka kuwa "run" suke cewa. Can ƙasa na iske tawa, ta rinin da ke zuba in an jiƙa tufa. Na ja mata layi da jan biro.

Bayan ma'anonin akwai wani sashe daban na inda kalmar ke haɗuwa da 'yan ƙananan kalmomi ta rikiɗe gaba ɗaya. "Run out of" ƙarewar abu ne, kuma ita nake amfani da ita kusan kullum in wani zane ya ƙare. "Run into" yin kiciɓis da mutum, "run over" take shi da mota. Ƙanena ya ce wannan ma taƙaitawa ce, domin babban ƙamus na Oxford, da aka sake bitar kalmar a 2011, ma'ana 645 aka lissafa mata a matsayin aikatau, wato kalmar aiki, kaɗai.

Da farko na ji haushin Turanci, na ce wane irin harshe ne wannan. Sai na tuna da "ci" tamu. Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, muna cin riba, muna cin bashi, ɗalibi ya ci jarrabawa, alƙali ya ci mutum tara, wani ya ci amanar wani. Baƙon da aka koya wa cewa "ci" abinci ne kawai, ya zai yi ranar da ya ji an ce an ci zarafinsa? Tun da na fahimci haka na daina neman kalmar Hausa guda da zan ɗaura wa "run", na koma karanta jimlolin misali da ƙarfi har su zauna. An ce wanda ya fara tsara ƙamus ɗin da na saya, A. S. Hornby, a Japan ya koyar da Turanci, kuma da gani ka san aikin wanda ya zauna da masu koyo ne.

Sai dai a sani, bayaninsa duk da Turanci ne, babu Hausa ko kaɗan. Wanda bai iya haɗa jimla ba tukuna gara ya fara da ƙamus na Turanci zuwa Hausa. Amma 'yar kasuwa irina, mai karanta saƙo ta gane rabi, kuɗinta ba zai tafi a banza ba.

Makon jiya wata daga Ibadan ta yi mini tambayar nan sak. Na jiƙa bakin zanen a farin kwano, na ɗauki hoton ruwan, na tura mata tare da amsa. Turmi uku ta ɗauka.