Na gwada sabon Arctic Cat a dajin Minnesota, amma kuɗina na nan a aljihu

Babur ɗin ƙanƙara (irin mai takalman zamiya biyu a gaba maimakon taya) mafi daɗin tuƙi da na taɓa hawa, kamfanin da ya ƙera shi, wato Arctic Cat, yana kwance rai a hannun Allah ranar da na hau shi. Wannan ne ya hana ni sukuni tun watan Fabrairun 2025, kuma shi ya sa nake rubuta wannan sharhi, musamman don 'yan uwa da ke zaune a Minnesota da Wisconsin da Kanada waɗanda sanyi ya fara shiga jininsu har suna tunanin sayen nasu.

Wani dila ne a arewacin Minnesota ya shirya hawan gwaji, irin wanda ake jera babura a bayan shago, ka nuna lasisi, ka sa hannu a takarda, a ba ka hular kwano ka bi jagora. Wanda aka haifa bayan 1976 kuma yana zaune a Minnesota sai ya nuna shaidar ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari, to kada ka je babu ita, za a maido ka. Ni dai abin da ya kai ni shi ne babur ɗin Arctic Cat samfurin ZR mai sabon inji 858, wanda aka ɗora a kan gangar jikin da suke kira Catalyst. Kafin nan baburan haya kawai na sani, masu nauyin tsiya, waɗanda in ka yini a kansu washegari kafaɗunka ba sa ɗaguwa.

Da farko hanya a share take, injin gyaran hanya bai daɗe da wucewa ba, kuma a irin wannan wuri kowane babur gwani ne. Sai da muka bar fili muka kutsa cikin itatuwa na fara jin bambanci. Mutane sun yini suna bin wurin, ƙanƙarar ta zama tudu da kwari, gargada a jere kamar an auna. Na miƙe tsaye a kan matakai kamar yadda aka koya mini, ina jiran bugun da na saba ji a ƙugu, sai na ji shiru. Shokazoba tana haɗiye gargadar ɗaya bayan ɗaya, kan babur ɗin yana tsaye a hannuna ba ya fizga. Na ƙara danna totur da babban yatsa, injin ya amsa nan take, babu wannan ɗan jinkirin da ke sa mutum ya yi shakka.

A wata kwana mai kaifi ne abin ya faru. Wanda ke gabana ya riga ya sha kwanar, ƙurar ƙanƙarar da ya tayar ba ta gama sauka ba, sai ga barewa ta faɗo daga dama ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Irin barewar nan ce ta nan ƙasar, mai farin ƙasan wutsiya, ƙatuwa, kuma tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi tsawon mota biyu ba. Na saki totur, na matse birki da hannun hagu, na zuba jikina gaba ɗaya zuwa hagu. Abin da na sani a baburan haya shi ne, in ka yi haka cikin gaggawa, ko dai takalmin zamiya na ciki ya ɗaga sama babur ya nemi kifewa, ko kuma gaban ya ƙi juyawa ya tafi da kai kai tsaye cikin itace. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Gaban ya ciji ƙanƙara, bayan ya ɗan zame ya biyo, na ratsa ta gefenta har ina ganin tururin da ke fita daga hancinta. Ta yi tsalle ɗaya ta shige daji. Na tsaya a gefe ina maimaita Innalillahi, ƙirjina na dakan uku-uku, hannuwana na rawa a cikin safa duk da ɗumin da mariƙin ke bayarwa.

Allah ne ya kiyaye, wannan ba na tantama. Amma na san kuma cewa abin da ke ƙarƙashina ya yi abin da na umarce shi a daidai lokacin da na umarce shi. Jagoranmu, wani dattijo mai jar fuska da ya ce tun yana yaro koren babur yake hawa (kore shi ne launin Arctic Cat), ya dawo ya same ni, ya dubi sawun da na bari a ƙanƙara, ya ce sirrin yana wurin da aka ajiye nauyi. Injin an kwantar da shi an matso da shi tsakiya, kusa da gwiwoyin mahayi, an kuma rage nauyin jikin da kusan kashi goma cikin ɗari in an gwada da tsohon samfurin. Har sarƙar da ke kai ƙarfi zuwa ƙafar baya, wadda a yawancin babura take iyo a cikin akwatin mai, an cire ta an sa bel. Shi ya sa in ka karkata, babur ɗin yana karkata tare da kai maimakon ya yi maka gardama. Ban san injiniyoyin da suka zana shi ba, amma na yi musu fatan alheri a wurin.

Na dawo shago da niyyar ajiye kafin alƙalami. Kuɗin na tara su ne a hankali, domin ba na son bashin banki mai kuɗin ruwa, kuma dilan ya yi ragi mai tsoka a kan waɗanda suka rage masa. Sai na yi masa tambaya ɗaya: garanti fa, da kayan gyara?

A nan ne raina ya ɓaci, kuma har yau in na tuna yana sake ɓaci. Kowa a shagon ya san cewa a watan Disamba na 2024 Textron, uwar kamfanin, ta sanar da cewa za ta dakatar da ƙera baburan bayan ta kammala waɗanda aka riga aka tsara, kuma tana neman yadda za ta yi da wannan sashe nata. Ba sirri ba ne, jaridu sun buga. Amma mutumin nan ya dube ni ya ce kada in damu, komai lafiya lau. Na ce to madalla, rubuta mini a jikin rasit cewa in wani abu ya lalace cikin lokacin garanti shagonka zai tsaya mini. Ya yi dariya, ya ce ba a yin haka. Na ce in bel ɗin nan na musamman ya tsinke bayan shekara uku, a ina zan samu? Ya ce ai intanet cike take da kaya. Daga nan ya juya ya fara nuna mini wani babur na wani kamfani da shi ma yake sayarwa, yana cewa wannan ne na masu hankali. Ke nan da bakinsa ya ce kada in damu, da bakinsa kuma ya ce mai hankali ba ya sayen abin da ya gama tallata mini. Ga kuma wasu kuɗaɗen haɗawa da na takardu da suka ɓullo a lissafi waɗanda babu su a farashin da ya manna a jikin gilashi. Hular kwanon da suka ara mini ma gilashinta yana yin hazo, rabin tafiyar da shi a ɗage na yi, iska mai digiri ashirin ƙasa da sifiri tana yankar fuskata. A lokacin na yi shiru saboda daɗin babur ɗin ya rufe komai, amma da ya fara yi mini wasa da hankali sai ita ma ta dawo mini.

A gida, in kamfani ya daina kawo kayan wata mota, ka je Panteka a Kaduna wani maƙeri zai dubi tsohon ƙarfen ya fitar maka da irinsa kafin la'asar. Nan babu wannan. Na'urar kwamfutar da ke sarrafa injin, allon da ke nuna taswira, bel ɗin da aka yi wa wannan samfuri shi kaɗai, in babu su a kanti to babur ɗinka ya zama kayan ado a gareji, alhali lokacin hawan gaba ɗaya wata uku ne ko huɗu a shekara. Ka jira kaya mako shida, hunturu ya tafi. Da na kira gida na ba uwargida labari, cewa ta yi, "Maigida, wannan ai cinikin biri a sama ne." Na rasa abin da zan ce mata, domin gaskiyarta ce.

Haushina na gaske ba a kan dilan ya tsaya ba. Textron ta sayi Arctic Cat a 2017 a kan dala miliyan 247. Textron kamfani ne da ke ƙera jiragen Cessna da jirage masu saukar ungulu na Bell, ofishinsa yana can Rhode Island, kuma a ganina bai taɓa fahimtar abin da ya saya ba. Shekarar da suka karɓa suka cire sunan Arctic Cat daga jikin babura masu ƙafa huɗu suka sa nasu, sai da suka ga masu saye sun juya baya suka maido da shi a 2019. Mutanen da ke hawa koren babur ba ƙarfe kawai suke saye ba. Akwai gidajen da kaka ya hau, uba ya hau, jika yana hawa, rigunansu kore, tirelarsu kore. Kuma garin Thief River Falls, inda masana'antar take, bai kai mutum dubu goma ba. Ɗaruruwan ma'aikata aka ba takardar sallama a irin wannan gari. Abin takaicin shi ne an yi haka ne daidai lokacin da suka fito da Catalyst, a samfurin 2024, suka bi shi da injin 858 a na 2025, wato abu mafi kyau da suka ƙera cikin shekaru masu yawa.

Zan yi adalci, kasuwar ma ba ta taimaka ba. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa aunawa a Minnesota. Jihar da ke da hanyoyin babur ɗin ƙanƙara kusan mil 22,000, waɗanda yawanci ƙungiyoyin sa kai ke gyarawa, ta wayi gari da ciyawa a fili a watan Janairu. Babura suka taru a shaguna babu mai taya su, abokan hamayyar Arctic Cat, wato Polaris da masu Ski-Doo, su ma sai da suka rage ƙira. Yamaha kuwa tun a 2023 ta ce samfurin 2025 shi ne na ƙarshe a wurinta, kuma wannan ma ya taɓa Arctic Cat, domin wasu baburan Yamaha a Thief River Falls ake haɗa su. A farkon shekarun 1970 kamfanoni sama da ɗari ne ke wannan sana'a, aka dawo huɗu, ga Yamaha ta fita. In Arctic Cat ta bi ta, saura biyu, kuma kowa ya san abin da ke faruwa da farashi in 'yan kasuwa biyu ne kawai a layi.

Dattijon jagoran nan ya tare ni a wajen ajiye motoci ina shirin tafiya. Ya ce shi ya ga irin wannan ranar a da. Edgar Hetteen, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Polaris a Roseau, shi ne ya bar can a 1960 ya zo ya kafa wannan kamfani. A 1981 ya karye, aka rufe masana'anta, kowa ya ce an gama. Tsofaffin ma'aikata suka haɗa kai suka tayar da shi da sunan Arctco, koren babur ya dawo kan ƙanƙara a samfurin 1984. Ya faɗi haka ne idonsa na ƙyalli, ba don ya sayar mini da komai ba. Na yarda da shi cewa sunan yana da taurin rai, amma na ce masa waɗanda suka sayi babur a 1981 fa, wa ya riƙe musu garantinsu a shekarun da ƙofa take rufe? Ya gyaɗa kai kawai.

Yanzu labari ya ɗan canza. A ƙarshen Afrilu na 2025 aka sanar cewa Brad Darling, wanda ya taɓa shugabantar sashen baburan ƙanƙara na Arctic Cat kafin ya koma shugabancin Argo, wani kamfanin ƙera motocin shiga daji, ya sayi kamfanin tare da wasu masu zuba jari. Wallahi na ji daɗi, har na kira wani abokin aikina mai koren babur muka yi ta murna a waya. Aƙalla mutumin ya san ƙanƙara, ya san garin, ya san dilolin. Sai dai saye daban, tsayuwa da ƙafa daban. Ƙaramin kamfani ne yanzu, babu aljihun Textron a bayansa, ga shi sai ya lallaso dilolin da suka riga suka sauke tutarsa, ya kuma yi addu'ar ƙanƙara ta sauka da wuri, abin da ba a hannun kowa yake ba sai Allah.

Saboda haka in ka tambaye ni babur ɗin, zan ce maka je ka hau, ka nemi hanya mai gargada da kwana, kada ka yarda a zaga da kai a fili kawai. Ban ga abin kushewa a jikinsa ba. In ka tambaye ni ko ka biya, zan ce kada ka ajiye ko sisi a hannun dilan da ya ƙi rubuta maka alkawarinsa. Ni dai shagon can ba zan sake taka shi ba. A watan Satumba akwai taron Hay Days a North Branch, inda kamfanoni ke baje sababbin kaya kafin sanyi ya shigo. Zan je in ga abin da sababbin masu kamfanin suka kawo, in tambayi makanikai, ba masu talla ba, ko kayan gyara sun fara isowa a kan lokaci. In sun ce suna isowa, ZR 858 zan saya, a wurin wani dila daban.