Wata takwas ina shan Minirin, maganin yawan fitsari, ga yadda na same shi

Bayan hatsarin babur da na bugu a ka, sai ƙishirwa ta sa ni gaba. Jakar ruwan leda guda, mai ƙulli 20, ba ta kai mini gobe, wato lita 10 ke nan. Da dare kuwa ni da buta muke kwana. Kowa ya gan ni sai ya ce suga ce, amma sau uku ana gwadawa ba a ga komai ba. Fitsarin ma fari tas, kamar ruwan famfo.

Hoton ciki ne ya tayar mini da hankali. Mafitsara ta buɗe, bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda sun kumbura, ƙodojin ma sun tara ruwa. Na ɗauka tsakuwa ce ta toshe hanya. Likita ya ce, "Malam, babu abin da ya toshe. Ruwan ne ya fi ƙarfin magudanar." Ashe buguwar ta taɓa wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke sakin sinadarin basofiresin, wanda ke sa ƙoda ta riƙe ruwa; ciwon da rashinsa ke jawowa ana ce masa diabetes insipidus a Turance. Ni kuma ga koyarwa a aji, na saba matse fitsari har a tashi, na ƙara wa Borno dawaki.

Aka ɗora ni kan desmofiresin, maganin da ke maye gurbin wancan sinadari, wanda kamfanin Ferring ke sayarwa da sunan Minirin. Da na fesawa a hanci na fara. Yana aiki, ban musa ba, amma da hunturu ya shigo mura ta toshe mini hanci, sai ya zama yau ya kama, gobe ya ƙi. Ƙwayar 0.1 miligiram ta fi mini kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Daren farko da na yi barci tun bayan isha'i har kiran assalatu, matata sai da ta taɓa ni ta ji ko lafiya.

Inda na kusa jawo wa kaina shi ne shan ruwa. Ƙishirwar ta tafi, amma hannu ya riga ya saba da kofi. A mako na uku na tashi da ciwon kai da tashin zuciya, kaina kamar an cika shi da auduga. Gwaji ya nuna gishirin jinina ya sauka ƙasa da 135, wato ƙasa da yadda ya kamata, domin maganin ya kulle ruwan a jiki ni kuma ina ta ɗurawa. Wannan ba abin wasa ba ne, yana iya kai mutum ga farfaɗiya. Yanzu sai na ji ƙishirwa nake sha, kuma ina zuwa gwajin jini a kan kari.

Kumburin fa? Hoton wata na shida ya nuna ya ragu sosai, ko da yake mafitsarar ba ta gama komawa yadda take ba. Ban ba ƙwayar ladan duka ba, don an sa ni zagayawa duk bayan awa uku ko ban matsu ba, in na gama in ɗan jira in sake.

Ƙorafina tsada da wahalar samu. Ba kowane kemis ke ajiye shi ba, wani mai shago ma da ya ji diabetes a sunan ciwon sai ya miƙo mini maganin suga. Shi ya sa da na ga saura kwana goma a kwalba nake fara cigiya.