Wata uku da manhajar labarai biyar a wayar 'yata

Gardama ce ta kai ni ga wannan manhaja. Wata rana na tambayi 'yata ta biyu, mai shekara 19, game da wani labari da duniya ta kwana tana magana a kansa. Ko ɗagowa ba ta yi sosai ba ta ce, "Baba, in abin mai muhimmanci ne, shi zai zo ya same ni." Na ce a ina? Ta ce a TikTok. Ni da na tashi ina sanin ƙarfe nawa ta yi daga muryar mai karanta labarai a rediyo, maganar ta tsaya min a rai.

Wani abokin aikina ne ya nuna min manhajar. Ba zan kama sunanta ba, tunda akwai aibinta da zan faɗa, kuma irinta sun yi yawa. Kowace safiya tana kawo labarai biyar, kowanne bai wuce karatun minti ɗaya ba. Da ka gama na biyar sai ta rubuta maka cewa na yau sun ƙare. Babu jan allo sama har abada. Dabarar ba sabuwa ba ce: Yahoo ya fito da News Digest a 2014 ya rufe ta a 2017, waɗanda suka ƙirƙiro Instagram ma sun buɗe wata manhajar labarai, Artifact, a farkon 2023, shekara na zagayowa suka sanar da rufe ta. Don haka ban sa rai sosai ba lokacin da na sauke mana ita, ni da 'yata, na biya kuɗin wata uku.

Na kuma san ba 'yata kaɗai ba ce. Rahoton da Cibiyar Reuters ta Jami'ar Oxford ke fitarwa duk shekara ya nuna cewa a 2017 kashi 29 cikin 100 na mutanen da aka tambaya ne ke kauce wa labarai da gangan, a 2024 sun kai kashi 39. A Amurka kuwa, cibiyar Pew ta gano cewa 'yan ƙasa da shekara 30 masu samun labarai a kai a kai daga TikTok sun tashi daga kashi 9 a 2020 zuwa kashi 39 a 2024.

Abin da ya fi burge ni a manhajar ba gajartar labaran ba ce. Wani ɗan maɓalli ne a ƙasan kowane labari, in ka taɓa shi sai ya ba ka yadda maganar ta faro: su wane ne a ciki, me ya haɗa su, me ya faru kafin yau. A nan na gane na daɗe ina yi wa yarinyar nan kuskuren fahimta. Na ɗauka ƙiwa ce ke damunta. Ita kuwa cewa ta yi, "Baba, ku kun san farkon komai. Ni in na kunna labarai ji nake kamar na faɗo tsakiyar hirar manya, kowa ya san wanda ake nufi sai ni." Gaskiyarta. Mai karanta labarai yana ambaton rikicin da ya shekara talatin kamar kowa na wurin aka fara. Wata safiya, a mako na biyu, ita da kanta ta zo tana yi min bayanin dalilin da ya sa babban banki ke ƙara kuɗin ruwa idan kaya suka yi tsada: bashi ya yi wuyar ci, mutane su rage kashe kuɗi, farashi ya lafa. Na yi shiru kamar ban sani ba. Wannan maɓallin kaɗai ya biya ni kuɗina.

Sai aibi. Manhajar da ta yi alkawarin labarai biyar, sai ga ta tana buga waya da sanarwar "da ɗumi-ɗumi" sau shida, sau bakwai a yini. Sai da na tona can cikin saituna kafin na kashe. Muryar da ke karanta labaran ga mai son saurare ta na'ura ce, ba hawa ba sauka, mutuwa da wasan ƙwallo duk sauti ɗaya.

Wanda ya fi ci min rai shi ne taƙaitawar. Na'ura ce ke yin ta, kuma sau biyu na kama ta ta cinye "ana zargin" daga labari. Na buɗe asalin rahoton na ga tuhuma ce kawai, amma a taƙaicen an riga an yanke wa mutum hukunci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ita kaɗai ke yi ba: a Janairun 2025 sai da Apple ya dakatar da taƙaita sanarwar labarai da na'ura, bayan BBC ta yi ƙorafin an jingina mata abin da ba ta faɗa ba. Na rubuta wa masu manhajar, suka amsa da godiya, ban ga gyara ba. Sunan ɗan jaridar da ya rubuta labarin ma ba ya fitowa. 'Yata ta lura da wannan kafin ni. Ta ce a bidiyo aƙalla tana ganin fuskar mai magana, ta san wanda za ta daina yarda da shi.

Makonni biyun farko kullum take buɗewa, watakila don ina tambaya. Daga baya ya koma sau uku a mako. Yanzu ba ta karanta biyar ɗin. Sai ta ga bidiyon da ya ɗaure mata kai, sannan ta shiga ta nemi maɓallin nan, ta karanta, ta fita. Da wata ukun suka cika na sabunta biyan a wayata, tata na bar mata ta kyauta, tunda maɓallin yana ciki.