Kafin ka sayi maganin kaskar kare, duba nan

Damina ta kama, masu karen gadi da mafarauta sun san halin da ake ciki, ka ɗaga kunnen kare ka ga kaska sun jeru ciki, wasu sun koshi har sun kumbura kamar wake. Toh me za ka saya?

Fara da abin cirewa. Hantsaki mai siririn baki ya isa, ka kama kaskar daf da fata ta wajen kai, ka ja a hankali miƙe, kar ka matse cikinta don abin da ke ciki zai iya komawa jikin karen. Akwai kuma ɗan ƙugiyan roba da ake cewa Tick Twister, shi zura shi kake a ƙarƙashinta ka murza ta fito, ni gaskiya na fi son shi musamman in karen ba ya tsayawa waje ɗaya. Sa safar hannu, wadda ka cire ka jefa ta a sifirit, ka goge wajen.

Amma cirewa ba ta hana wasu hawa, nan ne kuɗi ke shiga. Amitraz na wanka shi ne mai sauƙin kuɗi, sai dai dole a tsarma shi yadda aka rubuta a kwalba, in ya yi ƙarfi kare na iya galabaita, kuma ba na ƴan kwikwiyo ba ne. Frontline na ɗigawa a bayan wuya ne, kusan wata guda yake yi. Ƙwayar NexGard ma wata ɗaya, Bravecto kuwa sati 12, tana da tsada kam amma in kana da hali ka huta da wanka, sai dai likitan dabbobi ya auna nauyin karen tukuna, kuma ka duba ranar ƙarewar aikinta.

Dan Allah a daina zuba wa kare Sniper, kalanzir ko baƙin mai, guba ce wallahi, ana rasa karnuka ta haka.

Sannan wajen kwanansa, kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, in ba ka yi feshi can ba ko wanne ka saya za su dawo. In ka ga ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari ko fitsarinsa ya yi ja, zazzaɓin kaska ne mai yiwuwa, kai shi asibitin dabbobi a ranar.